RUWA BA YA TSAMI BANZA: Abin da ya kamata mu sani kafin mu sake haƙa rijiya a Kwatano

A wannan fitowa mun ajiye maganar farashi da ta takardun kan iyaka, mun ɗauko maganar ruwa, domin a taronmu na ƙarshe a Zongo an sake kawo shawarar a yi karo-karo a haƙa rijiyar burtsatse, wadda mutanenmu na Nijar ke kira foraj, a sabon filin da muke sauke shanu. Shawara ce mai kyau, ba mai musun haka. Amma da yake an taɓa yi mun sha wuya, muka ga ya wajaba mu zauna mu yi wa kowa bayanin abin da muka koya, tun kuɗin jama'a bai sake shiga rami ba.

Kowa dai ya san halin da sa ke isowa Kwatano. Daga Malanbil zuwa nan ya haura kilomita 700, dabba tana tsaye a cikin tirela, rana ta doke ta, ga jira a shingaye. Abu na farko da take nema in an sauke ta shi ne ruwa. Babban sa, ko Bunaji ne ko Rahaji ko Gudali, lokacin zafi yakan sha lita 30 zuwa 40 a wuni. In mota ɗaya ta sauke kai 35, ana maganar lita 1,400 ke nan, wato durom bakwai, kowace rana har a sayar. To, a lissafa mota biyar ko shida a mako guda gab da Sallah. Dabbar da ba ta sha ta ƙoshi ba kuwa ba ta cin abinci, cikinta ya lafe, idonta ya faɗa, mahauci na zuwa ya kalle ta ya rage kuɗi. Ashe ke nan ruwa yana cikin uwar kuɗi, ko da ba ma rubuta shi a littafi.

YADDA MUKA YI ASARA

Waɗanda suka daɗe a ƙungiya za su tuna rijiyar da muka haƙa a tsohon filinmu na kusa da bakin teku. Mun ɗauko wani mai injin haƙa da ya fi kowa sauƙin farashi, ya zo ya zagaya, ya nuna wuri da ƙafa, ya ce a nan. Cikin kwana biyu ruwa ya fito fari tas, aka ɗanɗana aka ji daɗi, aka yi addu'a aka watse. Da muka ga ruwa ya samu, sai muka ce a cire ƙaramin famfo a sa babba, a riƙa cika kwami da tanki a lokaci guda, har a sayar wa maƙwabta. Aka yi haka. Rani bai ƙare ba yaran da ke shayarwa suka fara cewa shanu na sunsuna ruwan suna ja da baya. Muka ce sakarcin yara ne. Daga baya waɗanda suka sha suka kama zawo. Da wani dattijo cikin masu gidajenmu ya kurɓa, sai ya tofar ya ce, "Alhazai, wannan ai zartsi ne, teku kuka haɗa wa famfo."

Muka nemi mai haƙa, ya ce shi ya ba mu ruwa mai daɗi, abin da ya biyo baya ikon Allah ne. Ba takarda ko ɗaya a hannunmu da ta nuna zurfin da ya kai, ko irin ƙasar da ya ratsa. Muka koma sayen ruwa a tanka, rijiya kuma ta zama wurin ɗaure igiya.

Ikon Allah ne, ba shakka, amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya warware mana dalilin wani yaronmu ne, haifaffen nan Zongo, da ya karanta ilmin ƙasa da ruwa a Jami'ar Abome-Kalabi. Ya zo da 'yar kwamfutarsa, muka zauna a kan tabarma bayan la'asar, ya nuna mana ƙasar Kwatano an yanka ta a tsaye kamar yadda ake yanka alkaki, kowane hawa da launinsa. Abin da ya bayyana mana shi ne muke so mu isar a nan.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘAFARMU

Kwatano a kan yashi take zaune, tsakanin ruwan gishiri biyu: teku daga kudu, tafkin Nokuwe daga arewa. Mashigin nan da ya raba gari biyu, wanda Placodji ke bakinsa, Faransawa ne suka haƙa shi a 1885 don ruwan tafki ya sami hanyar fita. Bayan an gama tashar jiragen ruwa a 1965, yashin da teku ke turowa ya rage toshe bakin mashigin, sai ruwan teku ya sami damar shiga tafki sosai, musamman da rani. Don haka duk wanda ya haƙa rami a Placodji ko Zongo ko Akpakpa, gishiri na kewaye da shi.

To, ina ruwan daɗin da muke samu a 'yan rijiyoyin gida yake fitowa? Ruwan sama ne da ya nutse cikin yashi. Da yake ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, sai ya zauna a bisansa kamar yadda mai ke tasowa a kan miya. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wannan ne ya sa ya fi nauyi ya kwanta a ƙasa. Wani Baholande mai suna Badon Ghyben da wani Bajamushe mai suna Herzberg, tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka gano ƙa'idar abin: duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara tekun tsawo, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙarƙashi kafin a tarar da gishiri. A ji da kyau, domin ƙa'idar tana aiki ta ɗaya gefen ma. In babban famfo ya janye kan ruwan ya sauka da rabin mita kawai ya daɗe a haka, gishiri na iya tasowa mita 20 daga ƙasa, ya nufo bakin bututu. Wannan shi ne abin da ya same mu. Rijiyar ba ta da laifi da farko, mu ne muka matsa mata da ja har ta kira teku. In kuwa gishiri ya shiga yashi, fitar da shi sai an yi damina da yawa.

Wani zai ce ai shanu na son gishiri, muna ba su kanwa da gishirin Foga da kantu na Bilma da kuɗinmu. Haka ne, amma lasa daban, sha daban. Masana lafiyar dabbobi sun nuna cewa ruwan da gishirinsa bai kai giram 3 a lita ba, shanu na sha lafiya. Daga 3 zuwa 5 wanda bai saba ba yakan ƙi sha ko ya yi zawo. In ya kai wajen 10, bai dace a ba dabba ba sam. Sanmu kuwa baƙo ne, daga arewa ya zo a gajiye, shi ne ya fi saurin jin jiki.

YADDA KWAMFUTA KE GANIN CIKIN ƘASA

Kada wani ya ɗauka na'urar nan duba take yi, ko tana da idon da ke ratsa ƙasa. Ko kusa. Abin da aka zuba mata shi take aiki da shi, kuma abubuwa uku ne.

Na farko, takardun tsofaffin rijiyoyi. Duk mai haƙa na ƙwarai yana ɗibar ƙasar da injin ke fitarwa mita bayan mita, ya jera, ya rubuta: daga nan zuwa nan jar ƙasa, daga nan yumɓu, daga nan yashi mai laushi, daga nan tsakuwa mai ruwa. Na biyu, awon lantarki. Ana kafa ƙarafa a ƙasa a jere, a tura wuta, a auna yadda ƙasa ke barinta ta wuce. Ruwan gishiri yana ba wuta hanya da sauƙi, yashi mai ruwan daɗi yana ɗan tare ta, busasshen dutse kuwa ya tare ta ƙwarai. Wani Bafaranshe, Conrad Schlumberger, shi ya fara gwada wannan dabara a 1912. Na uku, awon rijiyoyin da ake amfani da su yanzu: ina kan ruwa yake da rani, ina yake da damina, nawa ake ja, nawa ne gishirinsa.

In an zuba duk wannan, sai manhajar, wato tsarin lissafin da aka ɗora wa kwamfuta, ta haɗa tsakanin rijiya da rijiya. In an tarar da yumɓu a mita 30 a wannan, a waccan kuma a mita 40, sai ta zana yadda shimfiɗar yumɓun ta gangara a tsakaninsu. Daga nan ta raba ƙasar duka zuwa 'yan akwatuna dubbai, kamar ƙwayoyin sukari a cikin kwali, ta lissafa ruwan da ke shiga da wanda ke fita daga kowane akwati, bisa ƙa'idar da Henry Darcy ya fitar a garin Dijon na Faransa a 1856. Wadda ta fi suna a wannan aiki ita ce MODFLOW, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da ita a 1984, kuma kyauta ake samunta. Akwai wasu na kuɗi irin su Leapfrog na masu ma'adinai da Petrel na masu man fetur. Da ma kuɗin mai ne ya ciyar da wannan ilmi gaba, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: an haƙi mai a tekun Seme daga 1982 zuwa 1998.

Amfanin abin shi ne ana iya yi wa kwamfuta tambayar da ba a iya yi wa ƙasa sai an yi asara. In muka sa famfo mai jan kaza a nan, shekara biyar ina gishiri zai kai? In muka matsa arewa da kilomita biyu fa? In damina biyu suka yi ƙaranci fa? Ta ba da amsa cikin mintoci, ba a kashe ko dala ba a wajen haƙa.

GODOME DA ABIN DA YA SHAFE MU

Ba mu kaɗai gishiri ke bi ba. Ruwan famfon da kamfanin SONEB ke rabawa a Kwatano, wanda aka kafa a 2003, daga rijiyoyi masu zurfi yake fitowa a Godome, a gefen tudun jar ƙasa da ke yamma da tafkin Nokuwe. Gari ya yi ta girma, ja ya yi ta ƙaruwa, sai aka lura gishiri na hauhawa a rijiyoyin da suka fi kusa da tafki. A shekarun 2000 malaman Jami'ar Abome-Kalabi, cikinsu har da Farfesa Moussa Boukari, tare da Farfesa Stephen Silliman na Jami'ar Notre Dame ta Amurka, suka yi shekaru suna auna wurin, suka gina siffarsa a kwamfuta don su fahimci ta ina gishirin ke shigowa. Sababbin rijiyoyin gari kuma aka riƙa matsawa da su arewa, wajen Wedo, nesa da tafki. To, in hukuma da manyan injiniyoyinta sai da ta ja da baya daga bakin gishiri, ina ga mu da muka kafa bututu muna jin ƙarar igiyar teku?

HANYARMU DAGA KWATANO ZUWA GAYA

Da yake mu matafiya ne, yaron nan ya nuna mana dukan hanyar da muke bi, muka ga ƙasa iri uku ce. Daga bakin teku zuwa wajen Bohikon ƙasa ce mai hawa-hawa ta yashi da yumɓu, ruwa yana kwance cikin yashin a shimfiɗe. Ruwa ba ya wuyar samu a yawancinta, abin lura shi ne zurfi, ga gishiri a bakin teku, ga kuma ƙazantar masai da ke gangarawa cikin gajerun rijiyoyin gari.

Daga Dasa, Sabe, Paraku har kusa da Kandi, dutse ne tsantsa a ƙarƙashi. Duk wanda ya wuce Dasa ya ga duwatsun da idonsa. A nan ruwa ba ya kwanciya a shimfiɗe, sai dai a cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa za ka ga rijiya a wannan gida tana ambaliya, maƙwabci ya haƙa taku ɗari daga nan ya tashi da ƙura. A irin wannan wuri hoton tauraron ɗan Adam da awon lantarki su ne ke nuna inda tsagar ta bi, kuma wanda ya haƙa ba awo caca ya yi.

Daga Kandi zuwa Malanbil, a ƙetare kogin Kwara zuwa Gaya da Doso, an koma dutsen yashi mai riƙe ruwa. Nan ne bakin wani babban rumbun ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira Iullemmeden, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 500,000, wanda ya ratsa Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato da Kabi. A shekarun 2000 hukumar OSS mai mazauni a Tunis ta tattara takardun rijiyoyin ƙasashen uku ta zuba a kwamfuta ɗaya. Lissafin ya nuna ruwan da ake ja a shekara ya tashi daga kimanin mita kubik miliyan 50 a 1970 zuwa miliyan 180 a 2004, har ya soma zarce wanda damina ke mayarwa. Mita kubik ɗaya durom biyar ne. Wato mashayar da dabbarmu ke sha a Tawa da wadda take sha a Illela, tulu ɗaya ne a ƙarƙashi. Ruwa bai san duwan ba, bai san kwastan ba.

KWAMFUTA DILLALI CE, BA MAHAUCI BA

Yanzu sai gargaɗi, kada a fita daga wani rami a faɗa wani. Dillalin ƙwarai yakan dafa tozo, ya matsa gindin wutsiya, ya dubi haƙarƙari, ya ce wannan sa zai ba da nama kaza. Sau da yawa yana dacewa, domin ya ga dubbai. Amma gaskiyar magana sai a mayankar Akpakpa, in an feɗe. Haka kwamfuta take. Ƙiyasi take yi, bakin injin haƙa shi ne wuƙar mahauci. In aka ba ta takardun rijiya biyu kacal a fili mai faɗi, zane mai kyau za ta fitar, launi-launi, amma rabinsa zato ne.

Ga misali daga Kenya. A watan Satumba na 2013 gwamnatin ƙasar da hukumar UNESCO suka ba da sanarwar an gano wani makeken ruwa a ƙarƙashin Lotikipi, a ƙasar Turkana ta makiyaya, ta hanyar hotunan tauraron ɗan Adam da lissafin kwamfuta na wani kamfanin Faransa. Aka ce ya haura mita kubik biliyan 200. Duniya ta ɗauka, makiyaya suka yi murna. A 2015 sakamakon gwajin rijiyar da aka haƙa ya fito, ruwan ya yi gishirin da mutum ba zai iya sha ba sai an tace. Ruwa dai akwai shi, na'ura ba ta yi ƙarya ba, amma ɗanɗanonsa sai da aka haƙa aka sani.

SHAWARARMU GA ƘUNGIYA

Saboda haka ga abin da muke roƙon kwamiti da dattawa su duba kafin a karɓi kuɗin kowa.

Na ɗaya, a fara da bincike kafin a kira mai inji. A je ofishin ruwa na gwamnati a nemi bayanin rijiyoyin da ke kewaye da filin, domin suna ajiye irin waɗannan takardu. Da ma dokar ruwa ta Benin ta 2010 ta tanadi a sanar da hukuma ko a nemi izini kafin irin wannan aiki, sai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Na biyu, a ɗauki masanin ƙasa wanda ba yaron mai haƙa ba ne, kamar yadda ba a barin mai saniya ya zama shi ne dillalin mai saye. Ya yi awon lantarki, ya nuna mana zanen, mu kuma mu tambaye shi: rijiya nawa ka dogara da su, kuma wacce ta fi kusa da filinmu? In ya ce na'ura ta tabbatar ɗari bisa ɗari, a sallame shi da girma da arziki.

Na uku, a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai mai haƙa ya miƙa takardar ƙasar da ya ratsa mita bayan mita, da inda ya sa bututu mai ƙofofin shigar ruwa, an kuma yi gwajin ja na sa'o'i masu yawa ana auna yadda kan ruwa ke sauka da yadda yake dawowa.

Na huɗu, a kai ruwan ɗakin gwaji a auna gishiri da ƙwayoyin cuta kafin dabba ta sa baki. A sayi ɗan ma'aunin gishiri na hannu, bai fi tocila girma ba, a ba wa yaro ɗaya amana ya riƙa aunawa duk Juma'a yana rubutawa a littafi. Gishiri ba ya zuwa dare ɗaya, yana aiko da sallama, sai dai in ba mai amsawa.

Na biyar, girman famfo masanin ne zai faɗa, ba mu ba. Gara ƙaramin famfo ya wuni yana cika babban tanki a hankali, da babba ya zuƙe cikin awa ɗaya. Kwaɗayin sayar wa maƙwabta ruwa shi ya kashe mana waccan.

Na ƙarshe, duk takardar da aka samu a yi kwafi uku: ɗaya a akwatin ƙungiya, ɗaya a ofishin ruwa, ɗaya ga rassanmu. Muna kira ga 'yan uwa na Paraku, Malanbil, Gaya, Kamba da Legas, duk wanda ke da rijiya a kara ko a zango, ko mai ruwa ce ko wadda ta ƙi, ya rubuto mana zurfinta, da shekarar haƙa ta, da halin ruwanta da rani. Wadda ta ƙi ma tana da amfani, domin ita ce ke hana na baya maimaita asara. Sai a ba sakatare a Zongo ko a aiko ta hannun direbobinmu.

Kuɗin bincike kaɗan ne in aka gwada da kuɗin haƙa, kuɗin haƙa kuma kaɗan ne in aka gwada da abin da garke ke zubarwa in ya kwana uku da ƙishirwa a bakin kasuwa. Mu da ba ma sayen sa sai mun tashe shi ya taka mun ga ƙafarsa, bai kamata mu sayi rami da ido rufe ba.

Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya tsare dukiyarmu a hanya da masauki, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.